Soson da Aka Hana Ni Wankewa

Zuwa ga ƙanena,

Sallama da gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Takarda na zaɓa saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Ka san tun da aka yi wa Maman yara aikin ƙugu take zaune a falo, daga kujera sai gado. A ɗakin jiran likita ta ga wasu kifaye masu faɗi kamar faranti, ja da shuɗi, wai diskas. Ta ce kallonsu yana mantar da ita ciwon. Ni kuwa ba a faɗin abu a gabana sau biyu. Na sa aka haɗa tankin gilashi mai cin jarka goma sha biyar, da na'urar ɗumama ruwa, da matatar ruwa mai soso a ciki. Asabar aka kafa, Lahadi na zuba kifi shida. Mai shagon ya ce wai in jira wata guda tankin ya nuna. Na ce masa ayaba na saya?

Yau kwana tara, biyu sun mutu. Sauran sun yi baƙi, sun maƙure a lungu, ba sa cin komai. Kai da na tura ka karanta kiwon kifi, wane magani zan saya? Sunan magani nake so, ba lacca ba.

Naka, yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. A yi wa Anti sannu da jiki.

Kada ka sayi magani tukuna. Gaskiya mai shagon ya faɗa. Yanzu dai kullum a rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a cika da wanda aka ɗiga wa maganin cire kulorin na ruwan famfo, ɗuminsa daidai da na ciki. Sannan ina da tambaya, ka yi haƙuri: ta yaya ake tsabtace tankin?

Ƙanenka mai biyayya.

*

Farfesa,

Na amsa gaisuwarka. Ni kake tambaya maganar tsabta? Ni da na fara wanki da bokiti ɗaya da dutsen guga na gawayi, yau shago uku ke amsa sunana? Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa dawo min da riga ya ce ga tabo.

To, saurara. Kowace safiya da hannuna nake ciro soson. In ka ga abin da yake tarawa sai ranka ya ɓaci: wani yauƙi ruwan ƙasa-ƙasa, mai ƙarni. Sai in wanke shi da ruwan zafi da sabulu, in tsoma a bilic, in ɗauraye sau uku, in mayar da shi fari tas. Ko asibitin da Maman yara ta kwanta ba su kai ni ba.

Duk da haka na uku ya tafi jiya, wanda take kira Ɗan Gayu. Ta dai ce a juya mata kujerarta ta fuskanci taga. Tun jiya take kallon katangar maƙwabci. Da ma faɗa ta yi min, da ya fi min sauƙi.

Ka daina yi min tambayoyi kamar ɗan sanda, ka turo sunan maganin.

Yayanka.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ka yafe min abin da zan faɗa, babu wata hanya mai taushi: wankin nan ne ke kashe su.

Wannan yauƙin da kake ƙyama, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Su ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifin. Sati huɗu zuwa shida suke ɗauka kafin su yi yawa, abin da mai shagon ke nufi ke nan. Kai kuma kowace safiya sai ka kashe su. Ruwan yana fari a idonka, amma yana ƙona musu maƙogwaro.

Ka sa sabon soso, ka ƙyale shi. In ya toshe, a matse shi a hankali cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, shi ke nan. Canjin ruwa kuwa a ci gaba kullum.

Allah ya huci zuciyarka. Ƙanenka.

*

Kai,

Gaisuwa dai. Wato shekara huɗu ka yi a jami'a don ka koya min ajiye ƙazanta a falona.

Na bi maganarka kwana biyar. Rana ta shida na ɗaga murfin matatar don in leƙa kawai. Wallahi ban san lokacin da na tsinci kaina a bakin famfo da soson a hannu ba. Ruwan zafi ne kaɗai, ban sa sabulu ba, kada ka ce na sa. Bayan kwana biyu na huɗu ya juya ciki sama.

Da na zo cire shi, Maman yara ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba. Ta ce, "Mai wanki, kai ba ka iya barin abu ya huta ba ne?" Shekara talatin muna tare, ba ta taɓa kirana da sana'ata ba.

Na kira kafinta ya yi wa matatar akwati, ya sa kwaɗo. Makullin yana ƙarƙashin matashinta. Saura biyu. In suka mutu bayan duk wannan wulaƙancin, ka shirya amsar da za ka ba ni.

Yayanka.

*

Ƙanena,

Sallama. Wata biyu ke nan shiru, to ga labari. Biyun suna nan, launinsu ya dawo, ci kamar ba gobe. Kujerar ta juyo.

Yau da safe na ga wasu ɗige-ɗige ruwan goro jere a jikin bututun ruwan, kifayen sun tsaya a kai suna kaɗa musu fiffike kamar kaza mai kwanci. Na ɗauko tsumma. Maman yara ta ɗaga sandar tafiyarta ta tare ni a ƙirji.

Ban goge ba. Mene ne su? Ka amsa da wuri, hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Yayanka.