Bututunmu Na Tsare, Nasu Sun Wuce

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ƙasa da Ƙasa Mai Sa Ido Kan Takunkumin Makamai,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan aiki na tafiya lafiya.

Ni kafinta ne a Khumra, kudancin Jidda. Na daɗe ina haɗa akwatunan katako na kayan da ake turawa ta jirgin ruwa. Matata 'yar ƙasar nan ce da kuka hana a kai wa gwamnatinta makamai, kuma wallahi ranar da muka ji labari har sadaka muka yi.

Na ɗaya. Bayan Babbar Sallah muka yi karo-karo muka sayi famfo da bututun ƙarfe goma sha biyu, don rijiyar ƙauyensu da ta lalace. Yanzu ƙanwar matata sai ta ratsa shingen sojoji kullum kafin ta samo ruwa. Ba sai na faɗa maka abin da ake yi wa mata a shingen nan ba. Wata huɗu ke nan masu bincikenku na riƙe da kayan a tashar da jirgi ya yada zango, wai ana iya mayar da bututun ya zama bakin bindiga. To, madalla.

Na biyu. Kwanaki wani kamfani ya ba kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a nan Saudiyya, aikin akwatuna: dogaye, sirara, da soso a ciki, gurbi-gurbi. Da hannuna na rubuta "bututun ban-ruwa" a jiki, yadda aka ce in yi. Ranka ya daɗe, wa ke shimfiɗa wa bututu soso? Ɗaure shi ake yi kamar rake. Wayam aka kwashe su, ban ga abin da aka zuba ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma dillalin da ke bin takardun kayanmu ya ce a tashar nan dai suka sauka, kwana biyu suka wuce, ko ƙusa ba a zare ba. Halas, shi ke nan.

Na uku, tambaya ce kawai. Kaya kuke dubawa, ko mai kaya?

Roƙona biyu ne. A saki bututunmu kafin rani ya tsananta. Sannan in irin akwatunan nan suka sake zuwa, a buɗe ko ɗaya ne. Murfin ba shi da wuya. Da gangan na rage ƙusa a gefen hagu.

Ban sa suna ba, don iƙamata, wato takardar izinin zamana, a hannun kafili take. Kayanmu kuwa ba za su ɓace muku ba: su ne waɗanda aka ɗaure kamar rake.

Allah ya ƙara maka gani, ya tsare ka daga kyautar da ba ka san dalilinta ba.

Wassalam.

Wani kafinta,
Khumra, Jidda