Inna Ta Juya Mana Baya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma faɗa da mai gyaran rediyo, ka kuwa san alamar lafiya ke nan.

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Zanen Inna da ke falo, wanda Auta ya yi da fentin mai a shekarar da ta rasu, yanzu babu fuska a jikinsa. Ka san shi kaɗai ne kamanninta da ya rage mana, tunda Inna ba ta yarda da hoto ba, hoton zanen da na ɗauka a waya kuma duk ƙyalli ne, ko idanun ba a gani. Makon jiya Auta ya sauke shi, wai zai tsaftace shi ya sa shi a baje kolin zanensa. Jiya da hantsi na leƙa ɗakin aikinsa. Firam ɗin namu ne, har da kusurwar da ka ɓalle da ƙwallo. Amma ya rufe fuskar da sabon fenti. Abin da ke wurin bayan mace ne: ta sunkuya kan keken ɗinki, ɗankwali ya zame, tef ɗin awo a wuya, hasken taga ya sauka a ƙeyarta.

Na zauna kan gwangwanin fenti. Da na tambaye shi dalili, ya ce waccan fuskar ta baƙuwa ce da ta gyara zama don a zana ta, Inna ba ta taɓa naɗe hannu ta zauna haka ba. Shi abin da ya sani tun yana tsintar ƙyallaye a gindin keke bayanta ne. Da baya take masa faɗa, da baya take tambayarsa ko ya ci abinci. Na ce wannan tunaninsa ne shi kaɗai, fuskar kuwa tamu ce duka, har da 'ya'yanka da ba su taɓa ganinta ba. Na kira shi mahaukacin gidanmu, ya ce ai ya daɗe da wannan sarautar.

Mai firam da ke maƙwabtaka da shi ya ji hayaniya ya shigo. Ya duba, ya ce fentin mai ba ya saurin bushewa: na ƙasa ya riga ya yi tauri, na sama ɗanye ne, in aka bi shi a hankali da tsumma da man goge fenti fuskar za ta dawo, ko da ɗan tabo. In ya kama kuwa, sai haƙuri. Auta ya ce ba zai hana ba, amma wannan bayan na Inna sau ɗaya hannunsa ya same shi, ba zai iya sake shi ba.

Da la'asar na ɗauko Baba don ya tsawata masa. Ya tsaya gaban zanen ya daɗe, ya jingine sandarsa, ya matsa har na ji tsoron fenti zai taɓa rigarsa. Sai ya kira Inna da sunan nan da shi kaɗai yake kiranta, a hankali, ya ce ta juyo mana, ga shi ya dawo gida. Yaya, tsumman yana hannuna a jiƙe, ban san lokacin da na ajiye shi ba. Baba bai ce a goge ba, bai ce a bari ba. Ya ce kai ne babba.

Na rubuto ne don a waya ba zan iya faɗin wannan ba. Ka kira ni da zarar ka karanta, fentin ba zai jira mu ba. Ka gaida min matarka, da yaranka, Takwarar Inna da Sarkin Rigima. Baba yana sa muku albarka. Auta ma yana gaishe ka, kansa a ƙasa.

Ƙanwarka, mai jiran muryarka.