Amfilifayar Ƙungiya Ta Ƙi Hannuna

Iya mai filin shawara, ki taimake ni don Allah, mutuncina na neman zubewa a kan wani akwatin ƙarfe.

Shekara tara ni nake sanar da manoman ƙauyenmu, nan yankin Bunkure, ranar da za a saki ruwa a kanal, wato babbar hanyar ruwan ban-ruwa, da layin gonakin da zai fara sha. Da baki nake yi, a kan keke, har muryata ta dushe. Bana ƙungiyarmu ta manoman rani ta sayo amfilifaya daga Kano, wato akwatin da ke ƙara wa lasifika ƙarfi. Ƙato ne, mutum biyu suka sauke shi. Har sabuwar riga na ɗinka saboda shi.

Ranar farko da hantsi, a gaban jama'a, na yi bisimilla na danna makunni. Sai ji muka yi ƙas! Abin nan na bango da masu gyaran wuta ke kira bireka ya faɗi, wutar ofis ta ɗauke, fanka ta tsaya. Datti sakatarenmu ya ɗaga bireka, ya danna makunnin nan dai da na danna, akwati ya kama lafiya lau. To Iya, haka muke yau wata biyu. Ba kullum ba, amma a kwana uku sai an yi sau biyu. In na fara, wuta ta ɗauke, Datti ya biyo baya, ta zauna.

Yanzu gari ya ɗauka wai hannuna ne wuta ba ta so. Matata Hawwa ma ta hana ni taɓa rediyonta, tana faɗa tana dariya. Na wanke hannu da sabulu, na gwada da hagu, na gwada da gefen riga, duk a banza. Shi kuwa Datti bai san layin tudu daga na gangare ba. Ranar da ya yi sanarwa, mutum shida suka wuni a bakin kanal suna jira, tumatirinsu yana yaushi. Duk da haka ƙarshen wata za a zauna a ba shi aikina. Wallahi abin yana ci mini rai. Wani ya ce in ɗaure birekar da waya kowa ya huta. In ɗaure?

Naki,
Mai Sanarwa, Bunkure

Malam Mai Sanarwa,

Ka yafe ni, sai da na yi dariya. Sannan na kai wasiƙarka wurin Muhammadu Sani, mai gyaran rediyo a unguwarmu. Ya ce hannunka lafiyarsa ƙalau.

Bayanin nasa kai ka fi kowa ganewa. Gonar da ta bushe, in aka buɗe mata ruwa, da farko zuƙa take yi ba ji ba gani, sai ta jiƙe sannan ta sha a hankali. Haka akwatin nan. A cikinsa akwai babban taransifoma da wasu gwangwanaye masu ajiye wuta. In ya kwana a kashe, da an kunna shi sai ya zuƙi wuta mai yawa a ƙiftawar ido, bireka ta zaci hatsari ne ta yanke. Amma kafin ta yanke gwangwanayen sun ɗan cika, shi ya sa mai kunnawa na biyu yake samunsa a ƙoshe. Kai kake shayar da shi, Datti yana shan yabo.

Kada ka kuskura ka ɗaure bireka, ita ke tsare ku daga gobara. Ƙungiya ta kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin, ya ba akwatin layin wutarsa shi kaɗai da birekar da ke jure zuƙar farko.

Jama'a kuma ban ga laifinsu sosai ba, abin da ido ya gani suka faɗa. Ido kuwa shi zai wanke ka. Kafin mai gyara ya zo, daga gobe ka riƙa barin Datti ya fara kunnawa. Ranar da wuta ta ɗauke masa, kada ka yi masa dariya, ka san zafinta. Ka tashi ka ɗaga bireka, ka danna makunni, ka gaya wa mutane layin da zai sha ruwa.

Allah ya ƙara wa muryarka lafiya, ya ba ku rani mai albarka.

Iya