Na Ɓoye Takardar Ajiye Aikin Maigidana

Anti, don Allah ki cece ni kafin ranar Litinin, na ɗebo ruwan dafa kaina.

Maigidana injiniya ne a masana'antar da ke ƙera memori, 'yan ƙwayoyin nan masu riƙe hotuna da saƙonni a cikin waya. Shekara shida yana fama da wani sabon nau'i, wai ya fi wanda suke yi sauri, ga shi ba ya shan batir. Ni tela ce, ba ruwana da lantarki, amma na sha lacca har na haddace. Babu takardar awon kwastoma a shagona da bai zana abin nan a bayanta ba. Kuma mai ƙera abin tuna abubuwa ɗin nan, sau biyu yana manta yara a makaranta.

Makon jiya manyansu suka yanke cewa a sabon ginin masana'antar da za a yi, tsohon nau'in za a ci gaba da ƙerawa, nasa a jingine. Ya dawo yana huci, ya ɗauki hutun mako guda, ya rubuta takardar ajiye aiki. Ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka wajen ba, don haka ya ba ni in miƙa a ƙofar kamfanin, tunda hanyar shagona ce. Na ce to. Na cusa ta ƙarƙashin tarin yadi.

Yau kwana biyar yana kwance a falo da singileti, waya a kan ƙirji, yana jiran su kira su ba shi haƙuri. Shiru. Su kuwa sun san hutu yake, Litinin suke jiransa. Abin dariya, amma wallahi tausayinsa nake ji. Na ma ji yana gaya wa yayansa a ɓoye cewa in an ƙera nasa guda goma, huɗu ne ke fitowa lafiya. To wa ke da gaskiya, kuma yaya zan yi?

Matar Injiniya

Ƙanwata, kin yi ɓarna, amma ɓarna mai hankali.

Mu fara da manyan nasa. Ba lallai ƙiyayya ba ce. Injunan irin wannan masana'anta shekaru ake yi ana girka su, kowanne an saita shi ga hanyar aiki ɗaya, ba a juya su da safe ɗaya. Masu ƙera waya kuma sun riga sun tsara kayansu daidai da tsohon nau'in, ma'aikata sun san duk wata cutarsa da maganinta. Sai batun huɗu cikin goma. Ke da kanki, in aka kawo miki keken da ɗinkinsa ya fi kyau amma yana yaga riga shida cikin goma, za ki yar da tsohon? Shi ya sa suke riƙe abu ɗaya gam.

Shi ma yana da tasa gaskiyar. Tsohon nau'in da ake tinƙaho da shi, akwai lokacin da shi ma yake ɓata fiye da rabi, wani mai taurin kai ne ya zauna a kansa har ya gyaru. Ki ce wa maigidanki ya koma Litinin ya nemi a bar masa ɗan lungu a ɗakin gwaji, ya mai da huɗun nan takwas. A ranar, su ne za su neme shi.

Ke kuma, yau ɗin nan, ki bari ya ci ya ƙoshi, ki fito da takardar ki sa masa a hannu, ki ba shi haƙuri. Aikinsa ne, in ya ga dama ya kai ta da ƙafarsa. Zai yi faɗa, ki daure. Amma kar ki kai gobe, domin kwana biyar ke nan bawan Allah yana zaton ya yi shekara shida a wuri, ya tafi, ba wanda ya ko ɗaga waya. Wannan ya fi ƙin zaɓen memorinsa ciwo, kuma ke kika jawo masa.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya bar ku tare.