Sunan da Inna Ta Kasa Kira

Gubaira, Riyad

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Kuna lafiya? Ya ƙafar Inna, ya maigida da yara? Mu nan sai godiya.

Kin tuna zamanin Turawa, in Baba ya gama kwaikwayon Di'o, Baturen mulki, fuska duk farar ƙasa, jama'a na ta dariya, ba ya shiga gida sai Kaka ta kira sunansa na yanka sau uku, wai don Baturen ya sake shi. Wasansa na ƙarshe Kaka ba ta duniya, Inna kuwa kunyar sunan miji ta hana ta. Haka ya rasu ba a kira ba.

Shekaranjiya da la'asar autata Zainab, wadda ba ta jin Hausa sai Larabci, ta shafe fuska da fulawa, ta goya hannu, tana ɗingishin nan na Baba. Ta dube ni da muryar tsoho ta ce da Hausa, "Sani, har yanzu ina ƙofar gida."

Yaya, bakina ya kasa kiran sunan. Wa ke kiran sunan ubansa?

Ku sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Ki lallashi Inna ta daure ta kira, ko a kaset ne ku aiko. Yarinyar ta ƙi yarda a wanke mata fuska.

Ƙanenki,
Sani