Murhun Nasaran da Ka Bar Mini

Maigida, sallama a gare ka, in sallama tana isa inda kake.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma ba karantawa za ka yi ba, sai dai ka riƙe takardar a zaure kana gyaɗa kai don a ce Madugu ya iya ajami. Ni dai na ari tawada a makarantar Baba, zan faɗi abin da kunya ta hana ni faɗa kana numfashi.

Na fita takaba lafiya. Innata tana nan, idon ne ya ƙarasa rufewa. Goro ya yi tsada, Nasara kuma sun sake kwasar samari zuwa yaƙinsu. Amma maganar murhunka na ƙarfe ce ta sa ni ɗaukar alƙalami.

Ka tuna ranar da aka shigo da shi Zango, ƙarti suna nishi, yara suna bi? Nasaran da zai koma ƙasarsu ne ya rasa yadda zai yi da shi, ya yasar maka a banza, kai kuwa ka girke shi a zaure. Murhu a zaure! Ka hana a hura masa wuta wai kada ya yi baƙi, abin da baƙi aka ƙera shi. Duk Juma'a, kafin maza su taru, ni ce durƙushe ina cuɗa tsatsa da yashi, ina bin sa da man kaɗanya. Kai kuma ka zo ka kishingiɗa kana gaya wa fataken Gwanja wai kuɗinsa ya fi na garken jakuna. Kowace shekara jakunan nan ƙaruwa suke yi. Ina bayan danga ina jin kunyar da kai ba ka taɓa ji ba.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To taka ta yi, ni kuma na ci. Ranar rabon gado ƙaninka Salisu ya kawo shaidu da suka ji daga bakinka, aka yi wa murhun kuɗi yadda ka riƙa faɗa, aka ce shi kaɗai ya cike rubu'ina. Salisu ya kora jakuna, ya kwashe huhunan goro. Aka bar ni da tsohuwa makauniya da tulin ƙarfe. Ƙarfe za mu tafasa mu sha?

Da yunwa ta fara leƙo mu, na nemo wani tsohon Bamoshe, ɗan ƙasar nan, da ya yi wa Nasaran kuku. Shi ya nuna mini yadda ake aiki da murhun. A kwashe toka da safe in ta huce, a rage kaɗan a ƙasa. A zura sanda da tsumma cikin bututun hayaƙinsa a sauko da kunkunniya, in ba haka ba hayaƙi ya dawo ɗaki. Busasshen ice kawai. Mai kuwa ana shafa shi ne da sauran ɗumi, ya sha. Ya kuma ja mini kunne, ko da wasa kada ruwa ya taɓa shi yana da zafi.

Na ɗora tanda na fara waina. Da damina, matan unguwa suna fama da jiƙaƙƙen murhu, ni ina ƙarƙashin rufi, hayaƙi yana fita ta sama, fatake suna aiko da akushi tun daga unguwar Paspanga. Muka ci, Maigida, har Inna ta yi sabon zane.

Sai ga Salisu, wai an yi kuskure a rabo, kayan gado na maza ai ba ya zama hannun mace. Ya zo da ƙarti suka cicciɓe shi da sauran ɗuminsa. Ina kuka, amma duk da haka na gaya masa maganar ruwa. Ya ce ba mace ce za ta koya masa ƙarfe ba. Jininku ɗaya, wallahi. A zaure shi ma ya kafa shi, ya tara baƙi, ya cika masa ciki da ice har ya yi ja. Da aka gama kallo, sai rowa ta motsa, ya ga gawayi zai ƙone a banza. Ya ɗebo ƙwarya guda ya kwara masa, yadda ake yi wa murhun duwatsu. An ce har masallaci aka ji ƙarar.

Ya kai wa maƙera, suka ce irin wannan ƙarfen ba ya ƙeruwa, ko fartanya ba za ta fita ba. Da la'asar aka dawo mini da shi a tsage, wai Salisu ya duba zumunci.

Na kwaɓa yumɓu da toka na liƙe tsagar. Duk mako sai na sake, kuma yana ɗan tsiyayar hayaƙi ta gefe. Amma yana ci, waina tana tashi, babu kuma wanda ya sake leƙowa. Sai da ya fashe, ya daina zama abin nunawa, sannan danginka suka yarda nawa ne.

Allah Ya jiƙanka, don an ce mu roƙa, na kuma roƙa. Sai dai ka sani, a duk zamanmu, wannan ne abu na farko daga hannunka da ya ciyar da ni, shi ma sai da ka kauce.

Ka huta. Ni zan je kwasar toka.

Wadda ka bari da ƙarfe,
Gambo mai waina, Zangon Wagadugu.