Sharon Turawa

Kebbe, ranar Litinin

Yaya Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aikin makaranta. Tunda sabis ɗin waya ya ɗauke mana, na ba Mansur mai kabu-kabu wannan takarda ya kawo maka Tambuwal hannu da hannu.

Yaya, memorin waya da ka bar wa maigidana da Sallah ya zame mana masifa. Ina nufin tsofaffin finafinan nan naka, na ƙartin Turawa masu ɗan bante da takobi, jiki sharkaf da mai. Akwai wanda aka ɗaure wa wani ƙato hannuwa da igiya, doki ta dama, doki ta hagu, ana tsula musu bulala, shi kuwa ya riƙe su sun kasa gaba. Sarki na zaune sama, jama'a na sowa. Maigidana ya maimaita wurin nan har wayar ta yi zafi.

Ka san tun kafin a aure ni shi ne mai ɗaukar babur a ka, ya ƙetarar da shi rafi in ruwa ya cika. Bana santsi ya kwashe shi a gaban mutane, babur ya faɗa ruwa. Tun ranar samarin tasha suka bar ce masa Ɗangiwa, sai "Tsohuwar Giwa". Ko abincin kirki ba ya ci.

Jiya ya shigo yana murmushi, ya ce, "Rauda, ashe Turawa ma suna sharo awa na Fulani. Dubi wanga, wuya shika sha gaban jama'a, ko gezau. Ranar kasuwa ni ma haka nika yi. Ba ni da doki, amma akwai babur." Na ɗauka wasa ne, sai na ga igiyoyin shanu da ya shigo da su.

Gero ya nuna, girbi ya ƙarato, hannuwan nan nasa kuwa su ne rumbunmu. Inno mahaifiyarsa ta yi masa kuka, ya ɗan yi sanyi. Kai ne kake jin Turancin da suke yi a ciki. Don Allah rubuto ka gaya mana mene ne wannan abin.

Ka gaida Ni'imatu da yara.

Ƙanwarka,
Rauda

*

Tambuwal, ranar Laraba

Ƙanwata Rauda,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya iso, muna lafiya, ina gaida Inno da girmamawa.

Na karanta takardarki a ɗakin malamai, na yi dariya har shugaban makaranta ya leƙo. Daga baya na sake karantawa, dariyar ta gushe. Sharon Turawa? Ƙanwata, wannan ba gasa ba ce, azaba ce. Mutumin nan fursuna ne, sarki ya ba da umarni a yaga shi biyu don ya zama izina. Sowar da jama'a ke yi, jininsa suke jira. A gaba kaɗan ai an nuna wani da aka sa tsakanin bango biyu masu ƙusoshi. Ko wannan ma Ɗangiwa zai gwada?

Abu na biyu, wanda nake so ki karanta masa a tsanake: duk ƙarya ce. Na san mutanenmu suna cewa fim ɗin zamanin da ba ya ƙarya tunda lokacin babu kwamfuta. To, akwai dabara. Igiyar guda ɗaya ce, an zagaya da ita ta bayansa inda ba a gani, doki yana jan ɗan'uwansa ne, ƙaton kuwa ya ɗora hannu kawai yana yamutsa fuska. Ƙusoshin roba ne, dutsen da yake ɗagawa kwali ne, ke ma kya ɗaga shi da hannun hagu. Tun da aka halicci duniya ban ji ɗan Adam ɗin da ya yi wannan da gaske ba.

Ki faɗa masa haka, za ki ga ya mayar da igiya ga shanu. Ilimi gishirin zaman duniya ne, shi ya sa nake yawan ce muku ku riƙa tambaya.

Allah ya ba da girbi mai albarka.

Yayanki,
Malam Abdulganiyyu

*

Kebbe, ranar Juma'a

Yaya,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Kafin takardarka ta zo, Inno ta kusa shawo kansa. Har ya rataye igiyoyin a bayan rumbu. Na zaunar da shi bayan la'asar na karanta masa kamar yadda ka ce, a tsanake. Maganar azaba ba ta dame shi ba. Da na zo kan dabarar igiya sai ya miƙe zaune, ya ce, "Maimaita wurin nan." Na maimaita. Ya ce, "Ke nan Baturen bai yi ba?" Na ce bai yi ba. Ya ce, "Kuma Malam yac ce ba wanda yat taɓa yi tun da aka halicci duniya?"

Yaya, da ka ga fuskarsa. Ban ga wannan hasken ba tun ranar sunan Nasiha, 'yarmu ta fari. Ya ce da can kwaikwayo zai yi, yanzu kuwa shi ne na farko. Ya fita da takardarka a aljihu, ya kai ta tasha aka karanta wa samari, da sunanka da komai, wai ga shaidar malamin makaranta. Garin gyaran gira ka tsone mana ido.

Na roƙi Mansur da abokinsa Na'iya, waɗanda ya nema su ja baburan, su riƙa murɗa mai a hankali. Sun yarda. Ban san ko hakan zai isa ba. Tsoro nake ji, Yaya, ban taɓa jin irinsa ba. Ka bar alli ka zo da kanka. Kai kaɗai yake jin kunyarka.

Ƙanwarka,
Rauda

*

Tambuwal, ranar Asabar

Rauda,

Salamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban taɓa zaton hankalin mutum zai bi ta wannan hanya ba. Na nemi izini a makaranta, zan taso da safiyar ranar kasuwa in sha Allah. Ki ɓoye igiyoyin, ki kai maganar ga liman, ki ce da Ɗangiwa ya jira ni domin Allah.

Yayanki,
Abdulganiyyu

*

Kebbe, ranar Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iske mu a asibiti.

Bai jira ranar kasuwa ba. Ya gane na yi magana da su Mansur, kuma ya san in ka zo ba zai iya musa maka ba. Jiya da hantsi ya tafi filin bayan tasha, ya kira Gazali da Ɗan'iya, su ne kan gaba wajen yi masa baƙar magana, ya ce su za su ja. Kafin labari ya iso ni fili ya cika.

Na iske an riga an ɗaure. Da suka murɗa, na ji wani sauti daga kafaɗarsa kamar an karya ɗanyen kara. Na ɗauka zai faɗi. Bai faɗi ba. Tayoyi na tonon ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe, shi kuwa yana tsaye a tsakiya yana murmushi irin na masu sharo. Babur ɗin Gazali ya mutu, Ɗan'iya ya ji tsoro ya kashe nasa. Ya riƙe su, Yaya. Da idona na gani.

Fili ya ɗauki "Giwa! Giwa!" Aka kwance igiya, hannuwansa suka sauka gefe kamar hannun rigar da ba kowa a ciki. Babu wanda ya lura, sowa ake. Ya tako har gida da ƙafarsa, yara na biye, murmushin na nan. Da muka iso bakin ɗaki ya tsaya, ya rage murya ya ce, "Rauda, ɗaga mani labule."

Likita ya ce kafaɗun biyu sun goce, jijiyoyi sun tsinke. Na dama wataƙila ya dawo, na hagu sai yadda Allah ya yi. Yau ni na yi masa alwala, ni na ba shi kunu a baki.

Ƙanwarka,
Rauda

*

Kebbe, ranar Alhamis

Malam,

Salamu alaikum. Ni ne Ɗangiwa, Rauda ka rubuta mani. Ina gaisuwa, ina gaida iyali. Jiki da sauƙi, mun gode Allah. Yanzu dut garin ga ba mai ce mani tsohuwa, har Gazali yaz zo gaisuwa yana sunkuyar da kai.

Abu guda nika so. Ka rantse mani a takarda, maganar da kay yi gaskiya ce? Da gaske ba wanda yat taɓa yi sai ni?

Surukinka,
Ɗangiwa

Yaya, wannan layin nawa ne, bai san na ƙara ba. Masu sowa ko ɗaya bai leƙa gona ba, tsuntsaye sun fara cin geron. Kada ka sake rubuto mana komai. Ka zo da magirbi.

Rauda